FASHIN BAƘI: Yadda kullen korona ya ƙara wa shaye-shaye gindin zama a Katsina

Ƙofar Kaura na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kuma ta nan matafiyi ke kama hanyar Kano. Ganuwar ta daɗe da zaizayewa, amma sunan ya zauna a kan unguwar da ta bunƙasa a kewayen ƙofar, da kuma mahaɗar titunan da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadar ƙasa a kanta a watan Janairun 2023. Wuri ne na masu neman na yau: ƴan acaɓa, direbobin Keke Napep, masu shayi, masu cajin waya, makanikai da yaran shaguna. Akasarinsu matasa ne, kuma abin da suka samo da rana da shi ake ɗora tukunya da dare.

A watan Afrilun 2020 wannan hada-hada ta tsaya cak. Gwamnatin jiha ta kulle birnin domin daƙile cutar korona, aka ce kowa ya zauna gida, aka baza jami'an tsaro a kan tituna. Yau gari a buɗe yake, takunkumin fuska ya zama tarihi, ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta ayyana kan cutar tun ranar 5 ga Mayu, 2023. Sai dai akwai abin da janye doka ba ya ɗagewa. Matashin da ya koyi kashe wuni da ƙwaya a watannin kulle, jikinsa bai san an buɗe gari ba.

Korona ta zo ta tarar da shaye-shaye a Katsina da ƙafafunsa. Abin da ta yi shi ne ta janye abubuwan da ke riƙe da ranar matashi, wato sana'a da makaranta da shiga jama'a, alhali kasuwar ƙwaya na nan daram, wuraren magani kuwa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya fahimci yadda hakan ya faru, zai san abin da ya dace ya tambayi masu mulki a yau.

Abin da annobar ta tarar

A watan Janairun 2019, shekara guda kafin korona ta iso, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, suka fitar da rahoton babban bincike na farko kan shaye-shaye a Najeriya. Rahoton ya ce kashi 14.4 cikin 100 na ƴan ƙasa masu shekara 15 zuwa 64, wato kimanin mutum miliyan 14.3, sun yi amfani da wani abu mai sa maye, ban da giya da sigari, a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Matsakaicin adadi na duniya a lokacin kashi 5.6 ne.

Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6. Magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol suka biyo baya da miliyan 4.6, sai maganin tari mai kodin da miliyan 2.4. A Arewa maso Yamma an ƙiyasta kashi 12, kusan mutum miliyan 3. Jihar Katsina ita ma kashi 12 aka ba ta, sama da mutum 480,000, yayin da Kano ta kai kashi 16. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar kuma, ɗaya ya riga ya kai matakin da shan ya zame masa ciwo mai buƙatar magani.

Kafin wannan rahoto ma gwamnati ta riga ta motsa. A ƙarshen watan Afrilun 2018 sashen bincike na BBC ya fitar da wani fim da ya tona yadda maganin tari mai kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, har da na Kano. Ranar 1 ga Mayu, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana haɗawa da shigo da shi. A cikin wannan shekara ce Indiya, inda mafi yawan tiramadol ɗin da ke yawo a Afirka ta Yamma ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi. Matakan sun sa kayan sun yi tsada, sun koma bayan fage, amma ba su taɓa dalilin da ke sa mutum neman su ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba, sai ga annoba.

Watannin kulle

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu a faɗin ƙasa. A Katsina an dakatar da sallar Juma'a da manyan taruka, kuma tun a nan aka ga alamar yadda jama'a ke ji a jikinsu: ranar 28 ga Maris wasu matasa suka ƙona ofishin ƴan sanda na Kusada, bayan an kama waɗanda suka yi Juma'a duk da haramcin.

Ranar 7 ga Afrilu Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa cutar ta kashe wani likita a Daura. Aka kulle Daura, kafin watan ya ƙare aka kulle birnin Katsina. Azumin shekarar ya kama ranar 24 ga Afrilu, ya tarar da mutane a ɗaki, babu tarukan tafsiri da cikar kasuwar yamma kamar yadda aka saba. Daga 4 ga Mayu Gwamnatin Tarayya ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, ta kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. A cikin jiha kuwa an riƙa sassautawa ana sake ɗaurewa, gwargwadon yadda alƙaluman masu kamuwa suka nuna.

Ɗaliban jami'a sun fi kowa daɗewa a gida. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki a watan Maris, ba ta janye ba sai ranar 23 ga Disamba. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma ya yi wata tara yana zaman jiran ranar da babu wanda ya san ta.

Aljihu ma ya ji jiki. Wani bincike ta wayar tarho da NBS ta gudanar da tallafin Bankin Duniya a watannin Afrilu da Mayu ya nuna kashi 42 na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina, kuma kashi 79 na gidaje sun ce kuɗin shigarsu ya ragu. Tattalin arzikin ƙasa ya karye a wannan shekara, a ƙarshenta rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A kan wannan kuma Katsina na da nata nauyin na daban. Hare-haren ƴan bindiga a Batsari, Jibiya, Safana, Faskari da maƙwabtansu sun ci gaba da koro mutane zuwa birni, shekarar kuma ta rufe da sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara sama da 300 ranar 11 ga Disamba.

Me ke kai mutum ga ƙwaya?

Ruwa ba ya tsami banza. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da bayyana cewa mutum kan fara shaye-shaye ne domin abin yana yi masa wani aiki, ko da na sa'o'i kaɗan ne. Wani gajiya yake so ya kashe, wani barci yake nema, wani tunani ne ya hana shi sakat. Kullen korona ya yawaita masu irin waɗannan buƙatu a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon fargaba da na damuwa sun ƙaru da kashi 25 a duniya, kuma matasa da mata ne abin ya fi shafa.

A ɗauki misalin matashi mai tuƙa Keke Napep na haya a kan layin Ƙofar Kaura. Kafin kulle, ranarsa a tsare take: asuba, fita, balas ɗin mai keke, cefane, hira a teburin mai shayi, barci. Idan ma yana haɗiyar tiramadol guda da safe, yana yi ne da sunan ƙarin ƙarfi, domin ya jure zafin rana da ciwon baya. Ranar da aka kulle gari, aikin ya tafi, ƙwayar ta zauna. Ta tashi daga abin aiki ta koma abin kashe lokaci, lokacin kuwa ga shi nan tuli. Bashi na hawa, mahaifi na tambaya, mata na jiran kuɗin cefanen da babu. Guda ɗaya ta zama biyu, da dare kuma a nemi abin da zai kawo barci.

Ɗalibi kuma ta wata ƙofa yake shiga. Shi bai saba da ƙwaya ba, amma zaman kashe wando ya mayar da shi majalisar unguwa daga safe zuwa dare. Dokar kulle ta iya rufe babban titi, ba ta iya shiga lungu da kango da zauren da babu kowa. A irin wannan zama tayi ake yi, kuma ƙin karɓa na buƙatar ƙarfin halin da ba kowane ɗan shekara 19 ke da shi ba. Malamin da zai lura ya canza ba ya nan, limamin da zai ga ya daina zuwa sahu ba ya ganin kowa, ubangidan da zai kore shi idan ya zo a buge ya rufe shago.

Na mata ya fi ɓoyuwa. Rahoton 2019 ya nuna tazarar da ke tsakanin maza da mata ta fi ƙanƙanta a wajen maganin tari, magungunan sa barci da na kashe raɗaɗi, wato abubuwan da ake iya sha a cikin ɗaki ba hayaƙi ba wari. Kulle ya tara miji da mata da yara a gida ɗaya dare da rana cikin rashi, ya kuma yanke biki da suna da ziyarar gida, inda mace ke samun wadda za ta faɗa wa damuwarta. Cin zarafin mata ya yi ƙamarin da a watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Matar da ta sami sauƙi a cikin kwalba ba za ta je asibiti ba, domin ranar da aka ji, aurenta da sunan gidansu ne a kan faifai. Shi ya sa mata ƙalilan ne ake gani a wuraren magani, duk da cewa su ne kashi ɗaya bisa huɗu na masu sha.

An rufe iyaka, kasuwa ba ta rufu ba

Mai karatu zai iya cewa ai hanyoyi a rufe suke, ta ina kayan ke shigowa? Iyakokin ƙasa ma tun watan Agustan 2019 aka rufe su, kuma ta Jibiya, wadda ta haɗa Katsina da Maraɗi, ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022. Amma iyakar Katsina da Nijar doguwa ce, hanyoyin daji sun fi shingayen kwastan yawa. Ƙwaya kuma ba buhun shinkafa ba ce. Abin da zai cika aljihun riga ya isa cinikin kwanaki.

Akwai kuma wata ƙofa ta cikin gida. Dokar kulle ta ware abinci da magani a matsayin kayan da ba a hana safararsu ba, hakan kuma daidai ne. Sai dai yawancin abin da matasa ke sha a Arewa magungunan asibiti ne da aka karkatar: tiramadol, diyazefam, Rohypnol da ake kira roci, Exol, allurar fenta. Shagon kemis da ke sayar da su ba tare da takardar likita ba yana cikin ƴan wuraren da doka ta yarda su buɗe.

A rahotonta na watan Yunin 2020, UNODC ta yi gargaɗin cewa inda kulle ya kawo ƙarancin kaya da tsada, masu sha kan koma ga abin da ya fi araha ya kuma fi haɗari. Wannan tsohon labari ne a unguwanninmu. Wanda kuɗinsa bai kai na kwalba ba sai ya koma sholisho, ko madarar sukudaye, ko zaƙami, ko ya haɗa ƙwayoyi biyu zuwa uku a cikin lemon kwalba domin kaɗan ta yi aikin mai yawa. Tsada ba ta raba shi da maye, tana dai sauya masa guba.

Kasuwar ta ci gaba da sauya riga har bayan annobar. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai ke haɗa ƙwayoyi masu sunaye irin su Tafrodol, gamin wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi da wani mai sassauta jijiya, yana turo su Afirka ta Yamma. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗi a matsayin magani. Indiya ta haramta shi bayan fitar rahoton, shekara bakwai bayan ta tsaurara dokar tiramadol ɗin da ya zo ya maye gurbinsa.

Dalilin da ya sa buɗe gari bai warkar ba

Amsar tana cikin jiki. Kodin idan ya shiga, hanta kan juya wani sashensa ya koma mofin. Tiramadol ma a kan waɗannan mashigai na ƙwaƙwalwa yake aiki, ya rage jin zafi, ya kawo nutsuwa ta ɗan lokaci. Idan aka yi makonni ana sha kullum, ƙwaƙwalwa kan daidaita kanta da baƙon, sai adadin jiya ya kasa yin aikin yau. Hukumar NAFDAC ta amince ne da tiramadol mai miligiram 50 da 100 kawai, likitoci kuma ba sa wuce 400 a wuni. Wanda ake kamawa a kasuwar bayan fage kan kai 200, 225 ko 250 a ƙwaya guda. Biyu kacal sun kai ko sun haura iyakar wuni, kuma yawansa na kawo jijjiga mai kama da farfaɗiya.

Idan jiki ya saba, dainawa kan zo da azaba: gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma da hawaye, rashin barci, da ƙunci mai tsanani. A wannan mataki mutum ya daina sha don jin daɗi, yana sha ne don ya iya tashi tsaye. Masu sa barci irin su diyazefam da roci kuwa, yanke su farat ɗaya na iya jawo jijjiga mai kisa, shi ya sa likita kan rage su ne sannu a hankali. Haɗa su da kodin ko tiramadol na danne numfashi, kuma ta nan ne mafi yawan mutuwar da ƙwaya ke yi take zuwa: mutum ya kwanta barci, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Akwai wani tarko da iyaye da yawa ba su sani ba. Wanda ya yi makonni bai sha ba, saboda tsare shi da aka yi, ko rashin kuɗi, ko niyyar tuba a watan azumi, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. Idan ya koma ya ɗauki adadin da ya saba a da, adadin na iya kashe shi. Kulle da sassautawa da sake kullewa sun jefa masu sha cikin wannan hawa da sauka. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan mutuwa, adadin waɗanda ƙwaya ta kashe ya haura 100,000 a cikin wata 12 da suka ƙare a Afrilun 2021, karo na farko a tarihin ƙasar. A nan kuwa ana binne mamaci kafin rana ta faɗi, a ce ya kwanta bai tashi ba, Allah ya jiƙansa.

Ƙwaya ba ita kaɗai ce mafakar da ta zama tarko ba. Cacar ƙwallo ta waya ta sami sababbin masu yi a cikin waɗanda ke neman juya ɗari biyar ta zama dubu biyar, kuma da aka dakatar da gasannin Turai a watan Maris, kamfanonin caca sun tura mutane ga wasannin kwamfuta da ake bugawa cikin ƴan mintuna. Tsoron asibiti kuma ya ƙara wa mutane ɗabi'ar rubuta wa kansu magani. A Legas sai da aka kwantar da mutane saboda yawan shan kulorokwin, kwanaki kaɗan bayan Shugaba Donald Trump na Amurka ya yabe shi a matsayin maganin korona. Duk hanya ɗaya suke bi: sauƙi na yau, bashi na gobe.

Ina za a kai shi?

Wannan ita ce tambayar da uwa ke yi idan ta gano halin da ɗanta ke ciki. Shekaru da dama amsar da talaka ya sani ita ce gidan mari. A watan Oktoban 2019, wata shida kafin kulle, ƴan sanda suka kai samame irin waɗannan gidaje a Daura da cikin birnin Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Rufe su ya zama dole. Amma iyayen da suka kai ƴaƴansu can sun kai su ne domin ba su ga wata ƙofa ba, kuma ba a buɗe musu sabuwa mai ɗaukar yawansu ba kafin annoba ta zo ta janye hankalin asibitoci gaba ɗaya zuwa cibiyoyin killace masu korona.

Rahoton 2019 ya ce kashi 40 na masu shan da ya fi haɗari sun so samun magani amma ba su samu ba, saboda tsada, da tsoron tsangwama, da rashin wurin zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Sanannun asibitocin ƙwaƙwalwa na yankin suna Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, tafiyar da dokar hana zirga-zirga ta mayar da ita abu mai wuya. Dokar da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin kuwa ta 1958 ce, ta zamanin Turawa, ba a sauya ta ba sai a watan Janairun 2023.

Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe ko yana amfani da manyan ƙwayoyi. Tun da Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi hukumar a watan Janairun 2021, kame da ƙwace sun ƙaru ƙwarai, an kuma buɗe layin waya na kyauta domin masu neman shawara. Majalisar Dattawa a watan Mayun 2024 har hukuncin kisa ta amince da shi ga masu safara. Dillali ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma muddin mai sha na ganin cewa buɗe baki na iya kai shi kurkuku, zai yi shiru har sai abin ya fi ƙarfin ɓoyo.

Inda siyasa ta shigo

Kowane birni a Arewa da sunan da yake kiran ƴan ta'addar unguwa: ƴan daba a Kano, Kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, Kauraye a Katsina. Zargi ne da ya daɗe, wanda malamai da sarakuna da su kansu ƴan siyasa ke maimaitawa, cewa idan zaɓe ya matso akan nemi waɗannan matasa, a sallame su da kuɗi da kayan maye domin su raka ayari ko su tarwatsa na abokin hamayya. Matashin da kulle ya raba da sana'a, ƙwaya ta kama shi, shi ne mafi arahar ɗan aike a wannan kasuwa. Zaɓen 2023 ya zo ne ƙasa da shekara uku bayan kulle. Gabaninsa NDLEA ta nemi jam'iyyu su riƙa yi wa masu neman takara gwajin ƙwaya, shawarar da ba ta zama doka ba.

Kulle kuma bai tafi da korona ba, kamanni ya sauya. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi saboda tsaro, daga bisani aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya tsayar da ƙananan sana'o'i, ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Kowane ɗaya daga cikinsu ya zaunar da matasa, kamar yadda Afrilun 2020 ya yi. Duk da haka, alƙaluman da jami'ai suka ci gaba da ambata shekaru bayan annobar su ne na binciken da aka yi kafin zuwanta.

Abin tambaya ga masu neman ƙuri'a

Yaƙi da shaye-shaye alkawari ne mai sauƙin yi a kan dandamali, domin babu mai adawa da shi. Abin da ke bambanta mai niyya da mai baki shi ne amsar tambayoyi masu lamba. Gado nawa gwamnatin jiha ke da shi na masu son daina sha, nawa ne na mata, kuma nawa ake biya? Nawa aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin bana, nawa aka saki? A cikin ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi 34, nawa ne ke da ma'aikacin da aka horar ya gane ciwon damuwa ko alamun ƙwaya ta yi yawa? Akwai naloson, allurar da ke farfaɗo da wanda tiramadol ko kodin ya danne wa numfashi, a ɗakunan agajin gaggawa? Shagunan magani nawa aka duba, kuma su wa ke sayar musu da sari?

Tambayar ƙarshe na da misali a kusa. A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan sarin magani na kasuwar Sabon Gari ta Kano, suka tura masu su cibiyar da aka gina a Ɗangwauro, inda za a iya sa ido kan abin da ya shiga da wanda ya fita. Katsina na cikin jihohin da ke sayo magani daga Kano, don haka bin sawun katan daga can zuwa kan kanta a Ƙofar Kaura aiki ne mai yiwuwa idan an so.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kasafi. Iyalin da suka gano ɗansu ya kamu, asibiti ya kamata su nufa da shi, domin ɗaure shi a ɗaki na iya jefa shi cikin haɗarin da ya fi na farko. Abokin da ya ga wani ya yi barcin da ba ya jin kira, numfashinsa na ja, leɓensa ya sauya launi, kada ya watsa masa ruwa ya jira gari ya waye: ya kwantar da shi a gefensa, ya nemi abin hawa. Huɗuba da wa'azi na da tasiri a Katsina fiye da kowace sanarwar gwamnati, kuma ranar da mumbari ya fara kiran abin da sunan ciwo tare da kiransa saɓo, iyaye da yawa za su daina ɓoyewa.

UNODC ta yi hasashen cewa yawan masu shan ƙwaya a Afirka zai ƙaru da kashi 40 zuwa 2030, saboda yawan matasa da cikar birane. Katsina na tsakiyar wannan lissafi. Wata annoba ko wani rikici zai sake zuwa, wata gwamnati kuma za ta sake cewa kowa ya zauna gida. Waɗanda suka rayu a kullen 2020 suna da haƙƙin tambaya tun yanzu: idan an rufe titi da makaranta da kasuwa, me aka tanadar wa wanda aka zaunar?